Ranar da Aka Yi wa Yaya Lawal Dariya

Nassarawa GRA,
Kano.

Zuwa ga 'yata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, Mamana, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe takardar nan kina zaune lafiya a masaukinki na Jalingo, gajiyar hanya ta sake ki. Allah Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki shiga garin da ƙafar dama. Ummanki na gaishe ki, ita ce ma ta soke wasiƙar a ƙasan jakarki don kada ki gan ta sai kin sauka.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan Ummanki za ta cika miki kunne da shi a waya. Ran Litinin za ki tsaya gaban aji ki fara koyar da adabin Hausa, tsofaffin ƙagaggun labarai da wasannin kwaikwayon nan da na shekara talatin da ɗaya ina koyarwa. Kin roƙe ni littattafan shirin darasina, na ba ki. Za su yi miki amfani, don ban yi su da wasa ba. Amma abin da na fi sani game da littattafan nan babu shi a ciki, domin ba a aji na koye shi ba. A wurin yayana, Babanki Lawal, na koya, kuma sai da na ɓata masa rai ƙwarai kafin in koya.

Ke kin san shi ne yana tsoho, a zaurensa na Kawaji, yana ajiye miki dabino a aljihu. Shekararki tara ya rasu. Kafin nan direba ne. Ya shekara ashirin da biyu yana tuƙa wani babban ma'aikacin gwamnati, wanda kowa ke kira Alhaji, a nan unguwar tamu, layi uku daga gidan da kika tashi. Da mahaifinmu ya rasu ina shekara goma sha ɗaya, Yaya ya je ƙauyenmu na ƙasar Katsina ya ɗauko ni, ya sauke ni a ɗakinsa cikin ɗakunan ma'aikata na bayan gidan Alhaji, ya sa ni makaranta. Shi bai taɓa shiga ajin boko ba. Ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, ya kuma san hanyoyin Arewa kamar tsakar gidansu.

Kowace Lahadi, in ya gama wanke mota, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya ce, "Iro, ɗauko littafin nan." In ɗauko duk wanda aka ba mu a makaranta in yi ta karanta masa da ƙarfi. Ba ya katse ni sai in wani a cikin labarin ya yi abin da bai gamsu da shi ba. Nan ne zai ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Mi ya sa ya yi haka?"

Haka muka yi shekaru har na shiga kwaleji. A can na koyo manyan kalmomi: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, babban tauraro. Na dawo hutu kaina ya cika. Littafin da muke karantawa a lokacin, labarin wani mai jirgin fito ne. Wasu mutane suka zo bakin kogi da mara lafiya, mace, suna so a haye da su zuwa wurin mai magani. Kogi ya kawo ruwa. Suka yi roƙo, suka yi kuka, mai jirgi ya ƙi. Matar ta cika a nan bakin gaɓa. Da na kai nan sai na rufe littafin na ce, "Ka ga Yaya, jigon labarin nan shi ne rashin tausayi. Wannan mai jirgin shi ne mugun."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Malaminmu."

Ya ce, "Su nawa ne suka zo bakin ruwan?"

Na duba na ce su shida ne, har da yara biyu.

Ya ce, "To mutumin nan ba mugu ba ne, Iro. Ya san ruwa ne. Da ya tura jirgin nan, gawa bakwai za a yi, ba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar rayukan mutane a bayansa ya san akwai ranar da za ka ce a'a, a tsine maka, ka haɗiye. Ni na sha kashe mota a hanya ana zagina."

Na yi dariya. Har yau ina jin ƙarar dariyar nan a kunnena. Na ce, "Yaya, wannan fa ilimi ne, ba hirar tasha ba."

Ya tashi ya matse tsumman wanke mota ya shanya. Daga ranar bai ƙara cewa in ɗauko littafi ba, ni kuwa ban ma lura ba, don a ganina na wuce karanta wa direba labari.

Da na fara koyarwa, shekara huɗu cur ina rubuta "rashin tausayi" a allo, ɗalibai suna kwafa. Wanda ya rubuta wani abu daban a jarrabawa in ja masa jan biro. A shekara ta biyar, ina karanta wurin a gaban aji, sai idona ya tsaya a kan wani ɗan guntun layi da na sha tsallakewa. Marubucin ya ce kafin mai jirgin ya ba su amsa, sai da ya dubi ruwan, ya dubi yaran nan biyu, ya sake duban ruwan. Shi ke nan, bai ƙara komai ba. Ashe abin yana nan a rubuce tun farko. Wanda bai iya karanta layin ba ya gan shi, ni da na haddace littafin ban gani ba.

Don haka ki ji ni da kyau. Kada ki shiga aji da jigo a hannu kamar mai raba magani. Jigo shi ne abu na ƙarshe da ake isa gare shi, bayan an zauna da mutanen cikin labarin an ji uzurin kowa. Marubutan nan na da ba su cika yin ihu ba. Abin da ya fi muhimmanci sukan ajiye shi a cikin kallo ɗaya, ko a bakin wanda bai yi magana ba sai sau biyu a duk littafin. Kuma a ajinki za a sami 'ya'yan masunta na bakin Binuwai, da 'ya'yan makiyaya, da 'ya'yan masu awo a kasuwa. In labari ya zo kan kogi ko garke ko mudu, akwai wadda ta fi ki sani tana zaune a benci na baya. Ki tambaye ta. Ba zai rage miki komai ba. Ɗalibar da ta kawo fahimtar da ba taki ba, ki ce ta nuna miki a shafi. In ta nuna, ki ba ta makinta cikakke.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Abin da na yi daga baya ya fi wannan muni.

Ina shekara ta takwas da fara aiki, ina koyarwa a wata kwalejin horar da malamai, ban daɗe da auren Ummanki ba. Aka ce za a yi bikin ba da kyaututtuka, manyan baƙi za su zo, ni da abokin aikina Malam Yohanna mu shirya wasa. Malam Yohanna Kirista ne, mutumin ƙasar Zazzau, adabin Ingilishi yake koyarwa, amma Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi. Muka zaɓi wani tsohon wasa a kan manomin da aka yanke wa gona, ya zo birni kai kuka, ana ta tura shi daga wannan ofis zuwa wancan. Wannan akawu ya ce mai sa hannu ya fita, wancan ya ce ba a ga fayil ba. Marubucin ya gina wasan da wayo. A farko za ka yi ta yi wa manomin dariya, bai san ƙofar shiga ba, yana gaida masinja kamar hakimi. A fitowa ta ƙarshe kuwa sai manomin ya tsaya ya yi wata doguwar magana, wadda in ka ji ta sai ka ji kunyar dariyar da ka yi.

Ni dariyar kawai nake so. Ina so manya su tashi suna tambaya wane ne ya shirya wannan.

Wanda muka ba matsayin manomin wani ɗalibi ne magidanci daga unguwar Gama, sunansa Sani, gwanin kwaikwayo. A gwajin farko ya yi abin salam, babu armashi. Sai na ce, "Matsa in nuna maka." Na hau dandamali. Na cire takalmana tun daga nesa, na haɗa su na soke a hammata. Na sauke kafaɗar hagu, na ɗan ja ƙafa, na ce, "Ranka shi daɗe, ranka shi daɗe, nan ne ohis ɗin?" Ɗalibai suka kwashe da dariya har da masu faɗuwa daga benci.

Mamana, ba manomi na kwaikwaya ba. Yaya Lawal ne. Shi ne ke cire takalmi tun daga nesa ya soke a hammata in zai je gaban Alhaji. Kafaɗar nan tasa ce, ta sauka tun ranar da ya kauce wa wata mata a hanyar Funtuwa mota ta faɗa rami. Harshen ma nasa ne, na garinmu, wanda ni na yi shekaru ina goge shi daga bakina. Ba kuskure ba ne. Ina sane na yi.

Malam Yohanna ya san Yaya, don Yaya yakan biyo ta kwaleji ya gaishe ni. Da aka tashi ya ja ni gefe ya ce, "Malam Ibrahim, tafiyar nan na san mai ita."

Na ce, "Haba Malam, wasa ne fa."

Ya ce, "In wasa ne, me ya hana ka ara masa taka tafiyar?"

Na share. Na kuma zo na yanke doguwar maganar ƙarshe gaba ɗaya, na ce za ta sanyaya wa baƙi jiki. Malam Yohanna ya ce mini, "Ka san abin da ka yi? Mutumin nan ya rubuta wasa don masu zama bayan tebur su ji babu daɗi. Kai kuma ka mayar da shi abin da zai sa su narkar da abincin rana." Na ce ai ni ne malamin Hausa. Ya ce, "Gaskiya ne."

Ban gayyaci Yaya ba, kuma ban yi tunanin zai zo ba. Abin da na manta shi ne Alhaji na cikin manyan baƙi, kuma ba shi zai tuƙo kansa ba. Ranar biki, bayan la'asar, zaure ya cika. Direbobi yawanci a gindin bishiya suke zama wajen motoci. Amma Yaya ya ji an ce ƙanensa ne ya shirya wasan, sai ya tattaro 'yan'uwansa direbobi ya ce su zo su ga aikin Iro. Suka tsaya a bakin ƙofar baya.

Ina gefen dandamali na hango shi, ana tsakiyar fitowa ta biyu. Yana tsaye, takalmansa a hammata, saboda ya shigo inda manya suke. A kan dandamali kuma ga Sani, takalma a hammata, kafaɗa a sauke. Na ga direban da ke kusa da shi ya dubi dandamali, ya dubi Yaya, ya zunguri na gefensa. Sai ga Alhaji daga layin gaba ya juyo yana share hawayen dariya, yana nuna baya da yatsa, ya ce da ƙarfi, "Wallahi Lawal ne! Lawal sak!" Rabin zauren ya juya.

Yaya bai fita ba. Ya tsaya har aka gama, ya tafa tare da kowa, sannan ya tafi ya buɗe wa Alhaji ƙofar mota. Na bi shi can. Ya dube ni ya ce, "Iro, wasa ya yi kyau. Mutumin nan ya iya." Sannan ya ce, "Amma manomin nan, haka aka bar shi? Bai ce komi ba?"

Na ce akwai maganar da ya yi, mun yanke saboda lokaci.

Ya ce, "To." Ya shiga ya ta da mota.

An yaba mini ƙwarai a ranar. Shugaban kwaleji ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Ga abin da nake so ki riƙe. Tsofaffin wasanninmu cike suke da mutanen da ake yi wa dariya: baƙauye, mai gadi, tsohuwar da ba ta jin magana sosai, mai baƙin harshe. Dariya ba laifi ba ce, wasan da babu ita ba ya shiga. Amma duk lokacin da ajinki ya fashe da dariya, ki tambayi kanki abu biyu: wa ake yi wa, kuma wa ya ji daɗi? Marubucin kirki yakan sa ka dariya ne don ya kama ka da hannu a ciki, ya nuna maka kai ma kana cikin masu tura manomin gaba. In kika cire wannan kamun, kin juya wasan ya koma bayan mai ƙarfi. Littattafan nan magana suke yi a kan yadda muke zaune da juna, wa ke sama, wa ke ƙasa, wa ake saurare, wa ake cewa ya dawo gobe. Kuma ki sani, kowane mutum da ke cikin littafi yana da ɗan'uwa a ajinki. In kika karanta maganar baƙauye da muryar raini, akwai yarinyar da muryar mahaifinta ce kika yi, ba za ta faɗa miki ba, amma ta rufe littafin ke nan har abada.

Abin bai tsaya a zauren ba. A gidan Alhaji aka laƙaba wa Yaya suna "Ohis". Yaran gida su kira, baƙi su kira, Alhaji kansa in yana nishaɗi ya ce a yi masa tafiyar manomi. Bayan wata uku Yaya ya ajiye makullin mota, ya tare a Kawaji. Ya ce wa mutane idonsa ne ya fara rauni. Idonsa lafiya lau yake a lokacin.

Ni kuwa wata bakwai ban taka Kawaji ba. Kullum ina da dalili. Na ce wa kaina ai bai fahimci fasaha ba ne. Da Sallah ta zo na sayi shadda mai kyau na ba Ummanki ta kai masa. Ya karɓa, ya sa albarka, bai taɓa ɗinka ta ba. Ummanki ce ta gaji da ni. Wata Juma'a na dawo daga masallaci ina shirin zama in duba takardun jarrabawa, ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, kullum kana koya wa mutane su fahimci mutumin takarda. Na jini fa? Shadda ba ta magana. Tashi ka je."

Na same shi a zaure shi kaɗai yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Sai na fara, "Yaya, ka san shi wasan kwaikwayo, yadda ake gina shi..."

Ya ɗaga hannu. "Iro, in karatu ka zo yi mani, na gode, na ƙoshi."

Na ajiye bayanin, na ce, "Yaya, na ci mutuncinka a gaban mutane. Da sanina na yi, don a yaba mini. Ka yafe mini."

Ya ajiye carbin. Ya ce, "Dariyar ba ta dame ni ba. Direba ya saba. Takalman ne. Ka san mi ya sa nake cire su?"

Na ce ladabi ne.

Ya ce, "Da can ba ni cire wa kowa takalmi sai Baba da malamina. Sa'ad da zan ɗauko ka, na gaya wa Alhaji, ya ce ba a ajiye dangi a ɗakin ma'aikata. Kwana ukku ina zuwa da safe, in cire takalmi tun daga bakin get, in durƙusa a baranda har shi fito. Ran na ukku ya ce in kawo ka. Tun daga nan duk na tunkare shi sai in tuna ƙanena na kwana ƙarƙashin rufinsa, sai in ga takalman sun fita da kansu. Don kai na fara cire su, Iro."

Ina da shekara talatin da uku a lokacin, ina koyar da magidanta, na yi kuka a zauren nan kamar ranar da aka ɗauko ni daga ƙauye. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Na yafe tun a mota. Jira nake ka zo ka amsa."

In kin yi wa mutum laifi, Mamana, ki je da ƙafarki, ki faɗa da bakinki, ki kira laifin da sunansa. Kada ki sa bayani a gaba. Mu masu karatun adabi mun iya bayani, za mu iya wanke kowane tauraro in an ba mu shafi biyu, kuma da kanmu muke fara gwadawa. Wata bakwai da na yi ina tsara hujja, minti ɗaya ya ishe ni da na yi niyya. Haka in kin yi wa ɗaliba gyaran da ba daidai ba a gaban aji, a gaban ajin za ki janye.

Da shekara ta zagayo na ce wa Malam Yohanna wasan nan za mu sake, cikakke. Ya ce da sharaɗi ɗaya, a kawo wanda ya san manomi. Sau biyu ina roƙon Yaya yana ƙi, a na uku ya zo gwaji. Ya zauna a benci ya sa na karanta masa maganar ƙarshen da na yanke. Sani, wanda ke shekararsa ta ƙarshe, ya hau ya yi ta da kuka da ɗaga murya. Yaya ya girgiza kai ya ce, "A'a, malam. Manomi ba ya kuka gaban akawu. Tsayawa zai yi shi faɗi abin da ke cikin gonar, sannu sannu: ga gero, ga wake, ga tsamiyar da kakansa ya dasa, ga inda ya rufe ɗiyarsa. Kamar mai kiran sunayen 'ya'yansa. In ya gama shi yi sallama shi fita." Sani ya yi haka. A zauren gwajin ma babu wanda ya motsa.

Ranar biki aka yi dariya a farko, kamar yadda marubucin ya so, amma tafiyar da muryar na Sani ne, ba na kowa ba. Da aka zo ƙarshe zauren ya yi tsit. Ina kallon layin gaba, na ga manyan mutane suna duban ƙasa. Tafin ma sai da ya ɗan jinkirta. Yaya na zaune a layi na biyu, a kujerar Malam Yohanna, wanda ya tashi ya ba shi. Da muka fito na tambaye shi yadda ya gani, ya ce, "Ba a ba shi gonar ba, amma an ji shi."

Aikinsa dai bai dawo ba. Bai ƙara tuƙa kowa ba, ɗan shagon man juye ya buɗe wajen Dakata har ƙarfinsa ya ƙare. Wannan ban iya gyara shi ba, kuma ba zan ce miki na gyara ba.

Za ki ji ana cewa yaran yanzu ba sa karatu, waya ta cinye su, littattafan nan sun tsufa. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Ban taɓa ganin ajin da aka karanta wa labari mai kyau da murya mai kyau ya ƙi saurare ba. Ki karanta musu da ƙarfi. Ki tsaya a tsakiya ki bar su su yi gardama. Na ga yadda kike karatu tun kina ƙarama, kina fushi da mutanen cikin littafi kamar maƙwabtanki. Kin fi ni kunne, kin kuma fi ni haƙuri. Ba ni da shakka a kanki ko kaɗan.

Ni da Yaya mun koma karatunmu, kowace Juma'a bayan masallaci, shekara goma sha huɗu. Littafin ƙarshe ba mu gama shi ba. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne da suka yi shekaru ba sa ga-maciji, saura babi uku jikinsa ya yi nauyi. Na ce bari in yi sauri in ƙarasa masa. Ya ce, "Bar shi nan, Iro, na san ƙarshen. Ƙaramin zai zo. Zai makara, amma zai zo, kuma babban zai buɗe mashi ƙofa." Bayan an yi sadakar bakwai na zauna na karanta sauran. Ba haka marubucin ya ƙare ba, a littafin ƙaramin bai zo ba. Wannan ne karo ɗaya da na san Yaya ya kuskure labari, kuma na san inda ya samo nasa ƙarshen.

Ki sa shi a addu'a in kin yi salla. Ki kula da ibadarki, ki kula da cin abinci, ki gaida shugabar makarantarku da duk wanda ya karɓe ki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum, Ya sa albarka a harshenki da allinki, Ya sa ɗalibanki su amfana da ke. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, mu gan ki da idonmu. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam.

Naki,
Abbanki, Ibrahim.